Kundin Aiki: Auna Gubar Lifosom a Kan Ƙwayoyin Sankara

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau muka ɗaura ɗamarar aikin da muka daɗe muna shiryawa a ɗakin gwajinmu da ke nan Legas, kuma na yi niyyar rubuta matakansa da Hausa saboda ɗalibai 'yan uwanmu da ke son shiga wannan fanni. Tambayar da muka sa a gaba guda ɗaya ce. Idan aka yi amfani da lifosom wajen shigar da ƙwayar gado, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin yin wani furotin, cikin ƙwayoyin sankara da ake reno a faranti, sai aka wayi gari ƙwayoyin sun mutu, me ya kashe su, ƙwayar gadon da aka aika ko abin da ya ɗauko ta?

Lifosom ɗan mitsitsin ƙunshi ne na maiƙo mai ruwa a ciki, kuma bangonsa ruɓi biyu ne, irin na tantanin da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta. Alec Bangham da abokan aikinsa na Babraham, kusa da Kambirij a Ingila, su suka bayyana shi a 1965. Sai a 1987 Philip Felgner da tawagarsa a Amurka suka nuna cewa idan aka gina shi da maiƙo mai cajin fozitif, wanda suka kira DOTMA, zai rungumi DNA saboda cajinta negatif ne, ya dunƙule ta, sannan ya manne a jikin tantanin ƙwaya, wanda shi ma negatif ne, har ƙwayar ta haɗiye shi. Wannan cajin da ya buɗe masa hanya shi ne kuma tushen ɓarnarsa, domin maiƙon da zai iya kutsawa cikin tantani zai iya huda shi. Lamarin kamar na ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da aka ɗora wa buhu ya kai shago: idan ya ɓalle ƙyaure wajen shiga, mai shago ya yi asara ko da ƙaiƙayi ne a cikin buhun.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne inda aikin ya dosa. Burin Farfesa, wanda yake jagorantarmu, shi ne a gwada ƙwayar gadon p53, wadda aka gano furotin ɗinta a 1979, wadda kuma ake samunta a lalace a kusan rabin sankarorin ɗan Adam. Aikinta shi ne ta tsayar da ƙwayar da ta samu matsala daga rarrabuwa, ko ta umarce ta da mutuwa. Ke nan mai binciken da ya shigar da p53 mutuwa yake fatan gani, kuma a nan haɗarin yake, saboda duk ƙwayar da lifosom ya kashe ana iya lissafa ta cikin nasarar p53 ba tare da kowa ya lura ba. Shi ya sa muka ajiye p53 a gefe tukuna, sai mun san iyakar ɓarnar abin da zai ɗauke ta.

Akwai hanyar aika ƙwayar gado ta cikin bayiros, kuma ta fi lifosom ƙarfi, har ƙasar Sin ta amince da maganin Gendicine, mai ɗauke da p53 a cikin adenobayiros, tun 2003. Amma rasuwar Jesse Gelsinger, matashi ɗan shekara 18, a wani gwajin adenobayiros da aka yi a Jami'ar Pensilbaniya a 1999, ta ƙara karkato hankalin masu bincike zuwa hanyoyin da babu bayiros a cikinsu. Ga ɗakin gwaji irin namu kuma, lifosom ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin kulawa.

Ƙwayoyi iri biyu za mu yi aiki da su. HeLa an samo ta ne a 1951 daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, ba tare da an nemi izininta ba, abin da ya kamata duk mai taɓa waɗannan ƙwayoyi ya riƙa tunawa. MCF-7 kuwa daga sankarar mama take, an ɗauke ta a Detiroyit a 1970. Mun zaɓe su ne domin waɗannan sankarori biyu su ne kan gaba wajen addabar matan Najeriya, kuma duk da rigakafin HPV, bayiros ɗin da ke jawo sankarar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, matan da cutar ta riga ta kama magani suke jira.

Talata, 15 ga Afrilu

Kwanakin nan sun tafi ne wajen haɗa lifosom. Mun yanke shawarar mu yi namu da hannunmu domin mu san ainihin abin da ke ciki, sannan mu ajiye wani na kanti a gefe don kwatanci, tun da kamfanoni ba su cika bayyana cikakken haɗin sababbin kayansu ba. Maiƙon da muka zaɓa DOTAP ne, wanda ya bambanta da DOTMA ta wajen mahaɗin da ke tsakanin kansa da jelarsa: na DOTAP irin wanda enzayim ɗin ƙwaya, wato furotin masu sarrafa sinadarai a cikinta, ke iya tsinkawa ne, na DOTMA kuwa ba ya tsinkewa cikin sauƙi, saboda haka yana daɗewa a jikin ƙwaya.

Mun raba shi gida biyu, ɗaya da wani maiƙo mai taimako da ake kira DOPE, ɗaya da kolestarol. Amfanin DOPE shi ne, bayan ƙwaya ta haɗiye lifosom ta kulle shi cikin 'yar jakar da ake kira endosom, siffarsa mai ƙaramin kai da faɗin jela tana taimakawa wajen wargaza bangon jakar, DNA ta samu hanyar fita kafin a kai ta inda za a narkar da ita. Kolestarol kuwa tauri yake ƙara wa bangon lifosom, ya sa ya ɗan jure wa furotin ɗin ruwan jini.

Ana narkar da maiƙon cikin kulorofom, a zuba a kwalba mai zagayayyen gindi, a yi ta juya ta a na'urar busarwa har kulorofom ɗin ya tashi ya bar wani siririn shafi fari-fari a bangon kwalbar, wanda sai an ɗaga ta wajen fitila ake ganinsa sosai. Ɗalibar digiri na biyu da muke aiki tare ta tambayi Hajiya, babbar jami'ar ɗakin gwajin, haifaffiyar Idi-Araba da ta yi shekaru tana renon ƙwayoyi, ko za a iya zuba ruwa nan take. Hajiya ta ce mata: "A'a 'yata, bar shi ya kwana a ƙarƙashin injin zuƙe iska. Ɗan kulorofom ɗin da ya rage zai kashe miki ƙwayoyi, ki je ki ɗora wa DOTAP laifin da ba nasa ba." Washegari muka zuba ruwa muka girgiza, ya zama fari mai kauri, sannan muka yi ta tura shi gaba da baya ta cikin matata mai huji na nanomita 100 har ya washe ya ɗauki wani ɗan shuɗi-shuɗi. Yana cikin firij a digiri 4, kuma an rubuta a jikinsa kada kowa ya sa shi a gidan ƙanƙara, domin daskarewa tana fasa shi.

Su kuma ƙwayoyin mun farkar da su daga ruwan naitirojin, suna cikin ruwan reno na DMEM da kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin tayin saniya, a akwatin reno mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Mun gwada su da PCR, gwajin da ke ninka DNA domin a gano ta, don neman maikoplazma, wata ƙaramar bakteriya da ba ta gurɓata launin ruwan reno amma tana raunana ƙwayoyi a ɓoye, kuma duka biyun sun fita lafiya, alhamdulillahi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Batun yau shi ne lissafin caji, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Maikurogiram ɗaya na DNA yana ɗauke da kimanin nanomol 3 na fosfet, kowanne da cajin negatif guda, kowane DOTAP kuma yana da cajin fozitif guda. Da wannan ake lissafa fozitif nawa ke fuskantar negatif ɗaya a cikin haɗin. Mun shirya jeri daga inda DNA ta fi yawa, zuwa inda suka yi kunnen doki, har zuwa inda maiƙon ya ninka ta sau takwas.

Domin mu tabbatar lissafin takarda ya yi daidai da abin da ke cikin kwalba, mun zuba kowane haɗi a jel na agaros muka sa wutar lantarki. DNA da ba a ɗaure ba tana tafiya zuwa ɓangaren fozitif, wadda maiƙo ya rungume kuwa a bakin ramin take tsayawa. A jel ɗinmu, layin DNA ya yi ta dusashewa yayin da maiƙo ke ƙaruwa, kuma da fozitif ya ninka negatif sau biyu, babu sauran abin da ya fito daga rami. Ma'anar haka ita ce, duk maiƙon da aka ƙara bayan wannan mataki ba shi da sauran DNA da zai ɗauka, yawo kawai zai yi a cikin ruwan reno yana neman tantanin da zai manne wa. Mun kuma lura cewa a inda cajin ya yi kunnen doki haɗin yana dunƙulewa ya yi gudaji, har ana iya ganin ɗan hazo da ido, saboda babu sauran cajin da zai sa ƙunsoshin su ture juna.

DNA da muke amfani da ita filasmid ce, wato ɗan zoben DNA, mai ɗauke da ƙwayar gadon GFP, furotin mai haske kore da aka samo daga wata halittar teku, wanda ya sa aka ba Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar da saƙo ya isa cibiyarta za ta yi kore a ƙarƙashin shuɗin haske, don haka za mu ga shigar saƙo da mutuwar ƙwaya a faranti guda.

Farantin mai gurbi 96 ne. Akwai guraben da ba a taɓa ƙwayoyinsu ba, da waɗanda aka ba ruwan haɗi kawai, da na DNA tsagwaronta, da na lifosom babu DNA, da na lifosom ɗauke da filasmid da babu wata ƙwayar gado a cikinta, sannan na GFP. Wannan na filasmid wofi shi ne nake ganin an fi yawan tsallakewa a rubuce-rubucen ɗalibai, alhali shi ne zai raba gardama. Guraben bakin faranti 36 ba mu shuka komai a cikinsu ba, ruwan gishiri muka cika su da shi, domin ruwansu ya fi saurin ƙafewa, kuma idan ya ƙafe gishiri da magani suna ƙara kauri a kan ƙwayoyin da ke wurin.

Litinin, 5 ga Mayu

An yi ruwa da iska mai ƙarfi a daren Asabar, aka ɗauke wuta, janareta kuma bai karɓa da wuri ba. Da safe muka tarar akwatin reno ya huce, ruwan reno ya juya daga ja-ja zuwa shanshanbale, alamar iskar kabon ta ragu kuma ruwan ya rasa tsaminsa na daidai. Ƙwayoyin ba su mutu ba, amma ƙwayar da ta kwana cikin wahala ba a auna guba da ita, saboda haka Hajiya ta ce a zubar da farantan a sake shuka, kuma babu wanda ya yi musu. Yanzu an haɗa akwatin reno da firij ɗin maiƙo a kan inbata tasu ta daban.

Mun kuma gyara jadawali. Ana canja ruwan reno awa 4 zuwa 6 bayan zuba haɗin, kuma daga Agege nake fitowa, don haka dole a zuba da sassafe, kada cunkoson hanya ya zama shi ke yanke tsawon zaman maiƙo a kan ƙwayoyi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sakamakon farko ya fito, kuma kafin kowace na'ura ta yi magana ido ya riga ya gani. HeLa mai lafiya a madubin hangen ƙwayoyi shimfiɗe take, mai kusurwa-kusurwa, ta manne wa ƙasan faranti tana taɓa maƙwabtanta. A guraben da maiƙo ya yi yawa, bayan awa 24, da yawansu sun tattare jikinsu sun zama ƙananan dunƙulallu masu ƙyalli, wasu da ƙuraje a gefensu, wasu sun saki ƙasa suna shawagi idan aka ɗan girgiza farantin, kuma tsakanin waɗanda suka rage akwai fili fetal da ɗigo-ɗigon baƙin haɗin da ya kwanta. Na kira ɗalibar ta duba, ta daɗe idonta a kan madubin, sannan ta ce: "Yaya, ai waɗannan ko saƙon bai buɗe ba sun riga sun tafi." Haka abin yake, domin gurbin da take kallo na filasmid wofi ne.

Daga nan muka yi gwajin MTT, wanda Tim Mosmann ya fito da shi a 1983. Ana zuba wani sinadari rawaya, ƙwayoyin da ke aiki su mayar da shi ƙananan allurai masu launin shanshanbale da ake kira fomazan, sai a narkar da su da DMSO a auna kaurin launin a tsawon haske na nanomita 570. Jerin guraben ya fito daga mai duhu zuwa mai haske, daidai da ƙaruwar maiƙo. DNA tsagwaronta ba ta yi wa ƙwayoyin komai ba, kuma ba ta shiga ba. Lifosom shi kaɗai ya yi ɓarna kaɗan a ƙananan matakai, ya tsananta a manya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a maiƙo daidai wa daida, wanda ke ɗauke da filasmid wofi ya fi wanda ba ya ɗauke da komai kisa, kuma tazarar a fili take a ƙwayoyin biyu. An riga an ruwaito irin wannan a binciken wasu, amma ganinsa a farantinmu ya tabbatar mana cewa gurbin lifosom kaɗai bai isa ma'aunin kwatanci ba. Wanda ya dogara da shi zai ɗauki wannan tazarar ya miƙa wa ƙwayar gadonsa.

Haɗin DOPE ya fi na kolestarol ba da kore, ya kuma fi shi kisa, kuma wannan bai zo da mamaki ba, tun da dabarar da yake fasa endosom da ita ba ta bambanta bangon jaka da sauran tantani. Na kantin ya ba da kore mai yawa a HeLa, tare da nasa rabon mutuwar.

Sai dai ina da ja a kan MTT, kuma na faɗa wa Farfesa haka. Gwajin ba ƙirga ƙwayoyi yake yi ba, ƙarfin aikin enzayim ɗinsu yake aunawa. Ƙwayar da ta galabaita amma za ta farfaɗo tana iya ba da launi kaɗan, a ɗauke ta matacciya, wadda kuma ke fafutikar tsira tana iya ba da launi fiye da ƙima. Ban da haka, fomazan abu ne mai son maiƙo, mu kuma maiƙo muke zubawa, kuma akwai rahoton cewa lifosom na iya canja yadda yake taruwa a cikin ƙwaya. Farfesa ya amince a ƙara wasu ma'aunai biyu.

Talata, 27 ga Mayu

Ma'auni na farko da muka ƙara shi ne LDH, enzayim da ke zaune a cikin ƙwaya, ba ya fitowa sai tantani ya yage. Ana ɗiban ruwan saman gurbi a auna shi, a kwatanta da gurbin da aka fasa dukan ƙwayoyinsa da gangan da Triton X-100. Ruwan jinin da ke cikin ruwan reno yana da nasa LDH, saboda haka akwai gurbin da babu ƙwaya ko ɗaya, wanda ake ɗebe adadinsa daga na sauran. Na biyu shi ne ƙirga da hannu da rinin shuɗin tirifan na kashi 0.4 cikin 100, wanda ba ya shiga sai ƙwayar da tantaninta ya lalace. Aiki ne mai cin ido, amma shi ne ke ba da adadi na zahiri.

Haɗa ukun ya fito da wani abu da MTT kaɗai ya ɓoye, wato lokaci. A matakan da maiƙo ya yi yawa LDH yana malalowa tun cikin awannin farko, kafin ma a canja ruwan reno, wanda ke nuna yagewar tantani kai tsaye. A matakan tsakiya kuwa LDH ba ya tashi da wuri, amma adadin ƙwayoyi yana raguwa tsakanin awa 24 da 48. Ke nan mutuwa iri biyu muke gani, ta nan take da ta sannu a hankali, kuma ba lalle dalilinsu ya zama ɗaya ba.

Ga kuma matsalar ƙirga kore, wadda na ɗauke ta da muhimmanci ƙwarai. Al'ada ita ce a ce kashi kaza cikin ɗari na ƙwayoyin sun yi kore. Amma matattu suna sakin ƙasa, a wanke su su tafi da ruwa, sai a yi lissafi a kan waɗanda suka tsira kawai. Gurbin da ya rasa mafi yawan ƙwayoyinsa yana iya nuna kaso mai tsoka na kore, alhali idan aka ƙirga korayen ɗaya bayan ɗaya ba su kai na gurbin da aka sassauta wa maiƙo ba. Daga yau lissafinmu shi ne adadin ƙwayoyi masu rai kuma koraye a kowane gurbi, a kwatanta da adadin da ke gurbin da ba a taɓa ba. Da muka sake duba hotunanmu da wannan ma'auni, matakin da ya yi fice ya sauko ƙasa, zuwa kusa da inda jel ya nuna DNA ta gama ɗauruwa. Ana kuma buƙatar hattara da ƙwayoyin da ke bakin mutuwa, domin suna fitar da wani dusasshen haske rawaya-kore na kansu, wanda gurbin filasmid wofi ke taimaka mana mu gane.

Laraba, 11 ga Yuni

Mun dawo daga hutun Babbar Sallah muka kama wasu ƙananan abubuwa biyu da ke iya shiga lissafin guba ta bayan gida. Filasmid a cikin bakteriyar E. coli ake noma ta, kuma bangon wannan bakteriya yana da wani abu mai guba da ake kira endotoksin, wanda ke bin DNA idan ba a tace ta da kyau ba. Auna tsabta da haske, inda ake neman kusan 1.8 tsakanin nanomita 260 da 280, ba ya nuna shi. Mun sake tace filasmid ɗin da kayan cire endotoksin muka maimaita gwajin. Mutuwar ta ɗan ragu, amma tazarar da ke tsakanin lifosom wofi da mai ɗauke da DNA tana nan.

Na biyu shi ne fenisilin da sitireftomaisin, magungunan kashe bakteriya da ake sawa a ruwan reno. Idan maiƙo ya sassauta tantani suna iya shiga ƙwaya fiye da yadda suka saba, don haka mun cire su daga ranar shuka har zuwa canjin ruwa. A damina irin ta Legas, da laimar da ke sa naman gwari tsiro a ko'ina, wannan yana nufin ninka tsabta, kuma Hajiya ta hana kowa buɗe akwatin reno ba tare da ya fesa wa safar hannunsa giyar asibiti ta kashi 70 cikin 100 ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Me ya sa ɗaukar DNA ke ƙara wa lifosom guba? Bayani biyu muke aunawa. Na farko shi ne ƙwaya tana da masu gadi da ke gane DNA idan ta bayyana a wajen cibiya, inda ba wurinta ba ne. Zhijian Chen da tawagarsa a Dalas sun bayyana ɗaya daga cikinsu, cGAS, a 2013, wanda ke tayar da furotin STING, shi kuma ya sa a fitar da intaferon, furotin ɗin gargaɗi da ƙwaya ke saki, kamar dai bayiros ne ya shigo. Sai dai HeLa tana ɗauke da HPV18 a cikin gadonta, kuma an nuna a 2015 cewa furotin E7 na wannan bayiros yana danne STING. Tun da tazarar ta bayyana a HeLa ma, ba na jin wannan bayani shi kaɗai zai ɗauki nauyin abin. Na biyu ya fi sauƙi, kuma zuciyata ta fi karkata gare shi: lifosom da ya rungumi DNA ya fi girma da nauyi, yana kwanciya a kan ƙwayoyin da ke ƙasan gurbi, saboda haka maiƙon da ke isa jikinsu ya fi yawa ko da abin da aka zuba ɗaya ne. Za mu raba tsakaninsu ta hanyar auna saƙon intaferon-beta da PCR, da kuma sa wa maiƙon alama mai haske mu ga nawa ne ke mannewa.

A kan mutuwar sannu a hankali, mun yi rini da aneksin V da furofidiyom ayodaid. Na farko yana kama fosfatidilserin, maiƙon da ke fuskar ciki ta tantani wanda ke juyowa waje idan ƙwaya ta fara mutuwar tsari, wato kashe kanta mataki-mataki, na biyu kuma ba ya shiga sai tantani ya huje. A matakan tsakiya mun ga ƙwayoyi da yawa da suka kama na farko kawai, a manyan matakai kuwa duka biyun tun da wuri. Da muka fara ba ƙwayoyin N-asetilsistin, mai kwantar da gurɓatattun sinadaran oksijin da maitokondiriya, mai samar wa ƙwaya kuzari, ke fitarwa idan ta shiga wahala, mutuwar sannu ta ragu, ta nan take kuwa ko gezau. Mun zuba shi ne kafin haɗin muka wanke, domin kada ya taɓa lifosom ɗin kansa.

Dole a yi taka-tsantsan wajen kwatanta ƙwayoyin biyu. MCF-7 ba ta da kasfes-3, ɗaya daga cikin manyan enzayim da ke zartar da mutuwar tsari, don haka duk gwajin da ya dogara da shi zai nuna kamar ba ta mutuwa alhali tana mutuwa ta wata hanyar. Tana kuma girma a cure, tsibi-tsibi, kuma na lura korayen sun fi yawa a gefen tsibin, na tsakiya ba su cika samun rabo ba. HeLa tana rarrabuwa kusan kowace awa 24, ta fi MCF-7 sauri, kuma lokacin rarrabuwa ne bangon cibiya ke wargajewa filasmid ta samu shiga, wanda ke bayyana wani ɓangare na fifikonta a kore. Mun kuma tabbatar cewa yawan shuka yana da tasiri babba: a gurbin da ƙwayoyi suka rufe kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na ƙasa, maiƙon yana rabuwa a kan jikuna da yawa, a wanda aka shuka tsirara kuwa kowace ƙwaya tana shan kaso mai nauyi.

Talata, 8 ga Yuli

Mun zauna da Farfesa da Hajiya muka baje duk abin da muka tara. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, shawarata ita ce mu tsaya a inda fozitif ya ninka negatif sau biyu zuwa uku, da DNA kaɗan, mu haƙura da ƙarin koren da ke sama da nan." Ya tambaya ko koren da ke wannan mataki zai isa a ga tasirin p53. Na amsa cewa a HeLa zai isa, amma a MCF-7 sai mun ƙara da ware ƙwayoyin da saƙo ya shiga, ta hanyar sa GFP da p53 a filasmid guda mu bi korayen kaɗai. Ya amince, ya kuma ƙara da wani gargaɗi da ya dace: furotin E6 na HPV yana sa a rushe p53 a cikin HeLa, MCF-7 kuma tata p53 lafiyayya ce tun asali, saboda haka za mu buƙaci ƙwayar sankara ta uku wadda p53 ɗinta ya lalace ko babu shi, kafin a yanke wani hukunci.

An tsayar da ƙa'idojin mataki na gaba. Kowane faranti zai ɗauki gurbin filasmid wofi mai girma da yawa daidai da na p53, kuma da shi za a riƙa kwatanta sakamako, ba da gurbin da ba a taɓa ba. Za a haɗa DNA da maiƙo a ruwan da babu ruwan jini, domin albumin da 'yan uwansa furotin ɗin jini negatif ne suna yi wa DNA kishiya, amma za a zuba haɗin a kan ƙwayoyin da ke cikin ruwan renonsu cikakke, tun da mun ga hakan yana rage yagewar farko fiye da yadda yake rage kore. Ba za a karɓi sakamakon MTT ba sai LDH da ƙirga sun mara masa baya, kuma maimaici zai kasance a ranaku daban-daban da sabon haɗi, ba gurabe uku na faranti ɗaya ba.

Hajiya ta kawo batun da nake ganin ya fi kowanne nauyi a gaba, wato har yanzu ƙwayoyin sankara kawai muka gwada. Idan wannan maiƙo yana yi wa lafiyayyun ƙwayoyi irin abin da yake yi wa HeLa, to amfaninsa ba zai wuce faranti ba. Mun rubuta neman ƙwayoyin faibroblas na fatar ɗan Adam daga wani ɗakin gwaji da muke hulɗa da shi. Mun kuma sa a kasafin kuɗi a sayo maiƙo mai sauya caji, irin wanda ba shi da caji a cikin jini sai ya shiga endosom mai tsami sannan ya zama fozitif. Da wannan dabara aka yi maganin Onpattro, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, da rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna a 2020, kuma za mu jera shi gefe da gefe da DOTAP a faranti guda.

Jibi za a shuka farantan auna intaferon-beta, ɗalibar kuma za ta fara noma filasmid mai p53, a tace ta da kayan cire endotoksin tun karon farko.